Kuɗin rufin asiri: nazarin lamarin wata mai koko da ke ɗauke da HIV a zangon Kumasi

Matar da wannan nazari ya shafa ta kusa shekara arba'in. Haifaffiyar Kumasi ce, fataucin goro ne ya kawo kakanta daga ƙasar Hausa har ya zauna. Ɗaki ɗaya da baranda take haya a wani babban gida cikin unguwannin zango na wajen Aboabo da Asawase, ita da 'ya'yanta uku. Sana'arta koko da ƙosai. Kafin kiran assalatu ta hura wuta, kafin ƙarfe goma na safe ta kife tukunya, abin da ta samu a wannan tsakanin shi ne ci da sha da kuɗin haya. Da izininta nake wannan rubutu. Na ɓoye sunanta, na kuma sauya wasu abubuwa da za su iya nuna ta, don haka Mai koko zan riƙa ce mata.

Wanda ya buɗe fayil ɗinta yau zai ce an yi nasara: ƙwayar cutar ta yi ƙasa har na'ura ba ta ganinta a jini, autanta kuma ya fito lafiya. Amma tsakanin ranar da aka gano cutar da yau akwai kusan shekara guda da ta leƙa kabari, alhali magani kyauta ne, asibiti kuma yana nan kusa da gida. Wannan shekarar ce na fi son mu duba.

Yadda aka gano

Mijinta makanike ne a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ita ce amarya. A 2021 ya fara tari da rama da zufar dare. Dangi suka ce sammu ne daga abokan sana'a, aka shiga rubutu da hayaƙi da sassaƙe. Sai da ya kasa tashi aka kai shi asibiti, bai yi mako ba Allah ya karɓi abinsa. Ba wanda ya kira ta ya ce mata ga abin da aka gani. Tana da cikin wata huɗu a lokacin, don haka takabarta sai ranar da ta haihu. Awon ciki ne kaɗai fitar da ba mai yi mata magana a kai.

A wurin awon ne aka ɗebi jininta kamar yadda ake yi wa kowace mai ciki. Da gwajin ya nuna, aka sake da wasu kayan gwajin daban don a tabbatar. Ta ce ungozomar ta tashi ta rufe ƙofa, ta jawo kujera kusa da ita, ta yi mata bayani da Asantanci a hankali. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tambayi yaushe za ta mutu ba. Cewa ta yi: “Madam, abin da ke cikina fa?” Amsar da aka ba ta gaskiya ce. In ba a yi komai ba, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 suna ɗaukar cutar daga uwa, ko a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. In uwa ta riƙe magani, adadin yana sauka ƙasa da 5. A makon ta fara sha.

Da a ce shekara ashirin baya ne, da labarin ya bambanta. An fara ganin cutar a Ghana a 1986, amma sai 2003 aka soma ba da maganin a asibitocin gwamnati, daga yankin Manya Krobo, sannan Korle Bu a Accra da Komfo Anokye a nan Kumasi, wanda muke ce wa Gee. A wancan zamanin sai garkuwar jiki ta faɗi sosai kafin a ɗora mutum a kan magani. Daga 2016 Ghana ta koma ga ba kowa magani da zarar an tabbatar yana ɗauke da ita. Abin da aka ba Mai koko ƙwaya ɗaya ce a rana, TLD, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Ba ta zo mata da jiri da munanan mafarkai irin waɗanda masu shan efavirenz, maganin da ake bayarwa a da, suke kuka da su ba. Rashin barci ta yi na 'yan makonni, da aka mayar mata da shan zuwa safe ya wuce. An kuma ja mata kunne kan abu biyu: kada ta haɗiye shi tare da ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki sai in da abinci, kuma ta bar cin farar ƙasa, domin irin waɗannan suna kama maganin a hanji su hana shi shiga jini.

Alƙaluman Hukumar Ƙanjamau ta Ghana na 2023 sun ce mutum kusan dubu 334 ne ke ɗauke da cutar a ƙasar, wajen kashi biyu cikin uku mata ne, kuma yankin Ashanti yana cikin waɗanda suka fi yawa. Da yawa daga cikin matan nan a ɗakin awo suke jin labari, kamar ita, ba miji a gefe, ba wanda suka shirya gaya wa.

Haihuwa da goyo

A ɗakin haihuwa ta fara ganin ɗaya fuskar asibiti. Tana kwance bayan ta sauka, wata ma'aikaciya ta ɗaga katinta ta ce wa abokiyar aikinta, da murya yadda na gado uku za su ji, ta kula da wannan, ta ƙara safar hannu. Ba a ambaci sunan cutar ba, amma a gadon da ke kusa akwai wata mata mai mayafi irin na 'yan zango. Mai koko ba ta san ta ba, ba ta kuma sake ganinta ba, sai dai ta yi wata da watanni tana sauraron ranar da maganar za ta dawo mata ta bakin wani. Ni a ganina, a wannan daren aka shuka duk abin da ya biyo baya. Wankin hannu da safar hannu ƙa'ida ce a kan kowane majiyyaci. Wadda ta ware mutum ɗaya da baki ba ta ƙara wa kanta kariya ba, ta dai koya wa matar cewa asibitin da ke kusa da gida ba wurin aminci ba ne.

Jaririn aka ba shi ruwan magani na makonnin farko. A gida ta ce na shawara ne, aka yarda. Inda ta sha fama shi ne nono zalla na wata shida. Uwar mijinta tana son a ɗura wa yaro ruwa da rubutu da ɗan zuma, maraya ne, a cewarta, yana bukatar tsari. Mai koko ba ta da bakin musu da surukarta. Dabara ta yi: ta ce a ba ta rubutun ta sha da kanta, zai bi nono ya isa gare shi. Tsohuwa ta gamsu. Gwajin mako shida ya nuna yaro ba ya ɗauke da komai, na wata 18 ma haka.

Duk wannan lokacin ba ta taɓa tsallake ranar asibiti ba, kuma dalilin a fili yake. Mai ciki ko mai goyo in ta saɓa yaro da katin awo a hannu ba a tambayarta ina za ta. Magani yana shigowa gida a ƙasan jakar yaro, ƙarƙashin tsummoki. Ranar da aka sallami yaron, ranar farin ciki a wurin nas, ita ce ranar da hujjar fitarta ta ƙare. Aka ce ta koma sashen manya, wani gini daban a bayan asibiti, wanda kowa a unguwa ya san ko su wa ke shiga.

Shekarar da ta kusa tafiya

Ta roƙi a mayar da ita wani asibiti can ɗaya gefen gari, aka ba ta takarda. Wannan ba baƙon abu ba ne. Akwai mutanen unguwar Tafo da ke karɓa can a unguwar Atonsu, akwai na Kumasi da ke fita garin gaba ɗaya. A takarda ba abin da ya canza, magani kyauta ne a can kamar nan. A aljihunta kuwa komai ya canza. Tarotoro, wato motar haya, biyu take shiga, ta sauka a tashar Kejetia ta sake wata. Sashen da safe yake aiki, wato daidai lokacin cinikinta, don haka ranar asibiti ba koko. Ga kuɗin mota, ga cinikin da ya tafi, ga masu saye da za su koma wurin wata su saba. Sannan ga ƙarya da za ta tanada kowane zuwa: yau gaisuwar mutuwa a Ejisu, gobe saro gero. Wannan kuwa a lokacin da tsadar kaya ta haukace, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a Disambar 2022, gero da wake da man suya duk sun tashi. Katin inshorar lafiyarta, wanda aka yi mata kyauta saboda ciki, ya mutu ba ta sabunta ba.

A 2023 an sha ba ta na wata ɗaya maimakon na wata uku saboda kaya sun yi ƙaranci a ɗakin magani. A shekarar ce, har zuwa cikin 2024, kwantenonin kayan asibiti da Global Fund, asusun duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, ya aiko suka yi watanni a tashar jiragen ruwa ta Tema ana jayayya kan kuɗin fito. Wanda ke ofis zai ce ai magani bai yanke ba. Gaskiya ne, amma tafiya huɗu a shekara ta koma goma sha biyu, kuma kowace tafiya ribar kwana biyu take ci.

Ko a cikin ɗakinta ba ta da sakewa. Robar TLD tana kacau-kacau in an ɗaga, bangon ɗakin kuwa bai hana jin tarin maƙwabci. Da farko auduga take cusawa a ciki. Da babbar 'yarta ta fara karatun Turanci sosai, sai ta kankare takardar jikin robar da wuƙa. Daga baya ma ta bar robar gaba ɗaya, tana juye ƙwayoyin a leda ta ƙulle ta tura cikin buhun gero, robar kuma ta jefa a murhu da asuba kafin kowa ya tashi. Ba ta san ɗan ƙunshin da ke cikin robar aikinsa tsotse laima ba ne. Da damina ta sauka, ƙwayoyin suka fara laushi suna mannewa.

Ba rana ɗaya ta daina ba. Ta fara da tsallake kwana ɗaya don na wata ya kai wata biyu. Ta ga jikinta lafiya lau, sai tazarar ta ƙaru. Sannan kunya ta shigo: ta wuce ranarta da makonni, ta san za a yi mata faɗa a gaban layi, sai ta ɗaga zuwa mako mai zuwa. Ana cikin haka wani mai tallar maganin gargajiya ya shigo motar da take ciki da kwalbar da ya ce tana wanke jini daga kowace irin cuta. Ta saya har sau uku. Ta gaya mini dalili, kuma ban ga wauta a ciki ba: kwalbar tana zaune a kan tebur kowa yana gani, har maƙwabciya takan ce a sam mata. Wata biyar ta yi ba ta haɗiyi TLD ba.

Kada a ce tsoronta ruɗu ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2022 ya tambayi mutane ko za su sayi kayan miya a hannun mai ɗauke da cutar, da kuma ko ya dace yaro mai ita ya zauna aji ɗaya da sauran yara. Fiye da kashi 70 cikin 100, maza da mata, sun nuna ƙyama a amsarsu. Cutar ba ta bin abinci, ba ta bin kofi ko ludayi ko musabaha, amma mai sayar da abin da ake kai wa baki ta san cewa jita-jita ɗaya ta isa ta kashe mata wuta. Dokar Hukumar Ƙanjamau ta 2016, mai lamba 938, ta hana tona asirin mai cutar da nuna masa bambanci, kuma ana iya kai ƙara gaban CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam. Doka ce mai kyau. Sai dai ba ta iya tilasta wa kowa sayen koko, kuma mai kai ƙara sai ta fara faɗin abin da take ɓoyewa.

A farkon 2024 tari ya kama ta, irin na mijinta sak. Ta rame har zani ba ya zama. Wata daga cikin masu aikin sa-kai da ake kira Models of Hope, waɗanda su ma suna shan maganin kuma suna taya ma'aikata bibiyar waɗanda suka ɓace, ta daɗe tana kiran lambarta ba a ɗauka. Ranar da ta ɗauka, matar ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce, “'Yar'uwa, ni ma na taɓa bari. Ki zo ko ba ki da kuɗin komawa.” Ta tura mata kuɗin mota ta MoMo, wato ta waya, daga aljihunta.

Gwajin majina ya nuna tarin fuka, wanda shi ne ya fi kashe masu ɗauke da HIV a duniya. Ƙwayar cutar a jininta ta haura dubbai. Aka fara mata maganin tarin na wata shida, shi ma kyauta, bayan 'yan kwanaki aka mayar da ita kan TLD, da ƙarin ƙwayar dolutegravir da yamma, saboda rifampicin da ke cikin maganin tari yana sa hanta ta kore shi da wuri. Aka ƙara mata Septrin, maganin kare ta daga cututtukan da ke kama mai raunin garkuwar jiki. Hoton ƙirji da gwajin ƙoda da na hanta kuwa kuɗi aka nema, tunda katinta ya mutu. Tsarin inshorar Ghana bai ɗauki maganin HIV kansa ba, shirin yaƙi da cutar ne ke bayarwa, amma yana ɗaukar cututtukan da ke biyo baya. Da danna *929# a waya aka sabunta mata katin, abin da ba ta san ana yi ba sai ranar.

Gaya wa mutum ɗaya

A nan na shigo lamarin. Mai sa-kan ta nemi wadda ke jin Hausa, don akwai maganganun da Mai koko ba ta iya fitarwa da Asantancin kasuwa. Da aka gaya mata 'yar zango ce za ta zo, ta ce sam. Ta fi son baƙuwa da ba ta san kowa nata ba. Masu tsara aikin lafiya sukan ɗauka cewa kawo ɗan gida shi ne maganin kowace matsala, alhali a wannan cuta ɗan gida shi ne abin tsoro na farko. Sai da aka tabbatar mata ba unguwarmu ɗaya ba, ba makarantar allo ɗaya muka yi ba, ba mu haɗa dangi ba, sannan ta yarda. Abin da ta fara ce mini shi ne, “Anti, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.”

Tarin fuka, duk da azabarsa, ya buɗe mata wata ƙofa. Ciwo ne da za ta iya faɗa. An ɗan ja baya da ita, ta ajiye sana'a na wata biyu, amma mutane sun san ana warkewa. Azumin 2024 ya same ta a kwance, limamin unguwa ya ce mara lafiya ta sha ta rama, ba wanda ya yi mamakin ganin ta da ƙwayoyi. Yayarta, wadda ke sayar da atamfa, ita ta dawo ɗakin da kwana tana jinya. Ita muka ga ta fi dacewa a gaya wa, amma shawarar Mai koko ce, kuma sai da ta yi makonni tana juya ta.

A ofishin mai ba da shawara aka yi, ba a gida ba. Ta kasa ɗaga kai. Ta ce, “Yaya, ciwon da ya kashe baban yara, ba sammu ba ne. Ina da shi.” Yayar ta yi shiru, ta tambayi yaron, aka ce lafiyarsa ƙalau. Ta tambayi tun yaushe. Da ta ji shekara uku, sai ranta ya ɓaci, ba don cutar ba: “Auta, shekara uku kina kwana da wannan ke kaɗai? Ni mece ce a wurinki?” Sannan ta yi tambayoyin da kowa ke yi, kwano da soso da reza. Aka amsa mata ɗaya bayan ɗaya: kwano da soso ba komai, reza da abin yanke farce kowa ya riƙe nasa. Kafin su fita ta ce ita ma a gwada ta.

Ba kowace faɗa ke ƙarewa haka ba. Na san waɗanda aka ware wa kofi, na san wadda aka kora da kayanta a leda. Shi ya sa ban yarda da ma'aikacin da ke matsa wa majiyyaci ya gaya wa dangi kamar wani sharaɗi ba. Abin da ake nema mutum ɗaya ne da aka zaɓa da kyau. A wannan lamarin mutum ɗayan ta sauya lissafin gaba ɗaya. Robar magani ta koma shagon yaya, cikin akwatin kuɗi, da takardarta da ƙunshin laimarta, ana ɗibar na 'yan kwanaki. Ranar asibiti 'yar yayar ce ke zama a bakin tukunya. In an tambaya, yaya ce ke amsawa, kuma ba a ja da ita.

Inda ake yanzu

Ta gama maganin tari. Gwajin da aka yi bayan ta koma kan TLD ya ɗauki makonni kafin sakamako ya dawo daga babban ɗakin gwaji, kuma ta ce waɗannan makonnin sun fi mata ciwon kansa wahala. Ya dawo da labari mai daɗi, na bayansa ma haka. An yi sa'a ƙwayar cutar ba ta bijire wa maganin ba duk da wasan da aka yi da shi, dolutegravir yana da wannan juriyar fiye da magungunan da. Yanzu na wata shida ake ba ta, tafiya biyu a shekara. A azumin 2025 ta yi azuminta cif, ta mayar da ƙwayar bayan buɗa-baki da shawarar nas, kokon ma da yamma ake sayensa a watan.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ma'aunin ingancin rayuwa na masu wannan cuta, wanda ke duba jiki, da hankali, da dogaro da kai, da zaman tare, da muhalli, da abin da mutum ya yi imani da shi. In aka bi Mai koko da shi, jiki ya dawo, har tana kukan ƙiba da hawan jini da ya fara leƙowa, wanda shi kuma wani layin ne daban a wata ranar daban. Dogaro da kai ya dawo rabi, domin jinya ta cinye jarinta kuma adashi ne ke tayar da ita. Ta fuskar imani ta samu natsuwa. Ta daɗe tana ganin abin a matsayin hukunci, tana tambayar laifin da ta yi, yanzu jarrabawa take kiransa, kuma ta ce neman magani umarni ne. Zaman tare ne har yau da saura. Tana zuwa suna da biki, tana dariya, amma in hira ta gangaro kan wance da ta rame, sai ta tashi ta ce ta bar wuta. Ba fayil ɗin da ke da gurbin rubuta wannan, kuma a ganin likita na minti biyar ba wanda ya taɓa tambayarta yadda take barci.

Abu biyu ne ba su warware ba. Na farko kishiyarta, uwargidan marigayin. Bayan takaba ta yi aure ta koma wani gari a arewa, kuma ba alamar ta taɓa gwaji. Mai koko ta ƙi kiranta, tana tsoron a ce ita ta kawo ciwon gidan, tunda ita ce ta zo daga baya. Ba wanda zai iya cewa wa ya fara ɗauka, kuma sanin ba zai warkar da kowa ba, amma akwai rai biyu a can, har da sabon miji. Ta yarda ta ba da lamba, ma'aikaciya ta kira ba tare da ambaton sunan kowa ba, ta ce ana shawartarta ta je a duba jininta a asibiti mafi kusa. Matar ta ce to, ta kashe waya. An sake kira, ba ta ɗauka ba. Tun 2023 akwai kayan gwajin kai da ake rabawa a Ghana, wanda mutum zai goga a dasashi ya gani cikin minti 20 a ɗakinsa, kuma yayar ta ce in ta je arewa saro kaya za ta san yadda za ta kai mata a matsayin abin da ake raba wa kowa.

Na biyu aure. Wani mai shago, matarsa ta rasu, ya aiko sau biyu. Dangi sun fara cewa me take jira, mace da ƙuruciyarta. Ilimin yau a bayyane yake: wanda ke shan magani har na'ura ta daina ganin ƙwayar cutar ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Mai koko ta san wannan, ta ji daga bakin nas, ta ji daga bakina. Amma ta ce ba za ta shiga ɗakin mutum da ɓoyo ba, kuma na goyi bayanta. Matsalar ita ce in ta faɗa ya janye, ya tafi da maganar a bakinsa, shagonsa kuwa yana kan layin da take ajiye tebur. Abin da aka tsayar shi ne yayar za ta ce masa a danginsu ba a ɗaura aure sai an je gwajin jini tare, na sikila da ciwon hanta da sauransu, a asibitin da suka zaɓa, inda mai ba da shawara za ta fara zama da shi shi kaɗai ta ji irin fahimtarsa kafin a buɗe komai. In aka ga ba mai riƙe magana ba ne, za a nemi wani dalili a rabu lafiya. Ya ce ya amince da zuwa gwajin, ya nemi a bari sai bayan babbar salla.